Sunaye a Allon Titi, Shiru a Cikin Aji: Yadda Ake Tsallake Tarihin da Ke da Ɗaci

Ɗalibin da ya hau keke a Jos zai iya wuce sunaye uku kafin ya isa makaranta: titin Murtala Mohammed, titin Yakubu Gowon, da sakatariyar gwamnatin jiha mai ɗauke da sunan Joseph Gomwalk. Igiya ɗaya ce ta ɗaure sunayen nan. Juyin mulkin 29 ga Yuli 1975 ne ya sauke Gowon ya ɗora Murtala. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe Murtala a Legas, a yunƙurin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. A watan Mayu na shekarar aka harbe Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato, bayan kotun soja ta ce yana da hannu. Gowon kuwa yana Ingila aka tuɓe masa muƙaminsa na soja bisa zargin shi ma yana da hannu, sai a zamanin Shagari aka yi masa afuwa. Har gobe akwai gidaje a Filato da ke ganin an zalunci Gomwalk, akwai kuma gidaje a Kano da ba sa ƙaunar jin sunan Dimka. Yaron ya san sunayen uku a matsayin wuraren da ake cewa direba "akwai sauka". Tambaye shi abin da ya haɗa su, sai ya tsaya yana kallon ka.

A Abuja ma haka abin yake. Titunan Zakariya Maimalari, Kur Mohammed, Abogo Largema, Samuel Ademulegun da Ralph Shodeinde suna kusa da juna a tsakiyar birni, kuma dukkansu hafsoshin da aka kashe ne a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Kullum dubban ma'aikata na bi ta kansu zuwa ofis. An kafa allon, labarin ne ba a bayar ba.

In ana wannan zance, abin da aka fi ji shi ne "gwamnati ta hana koyar da tarihi". Rabin gaskiya ke nan. Babu dokar da ta ce kada malami ya ambaci yaƙin basasa, ko kada gidan rediyo ya tattauna rikicin Jos na 2001. Shirun ƙera shi ake yi a hannu da yawa, daga mai tsara manhaja zuwa mai buga littafi, daga shugaban makaranta zuwa manajan gidan talabijin, kuma kowannensu in ka zauna da shi zai ba ka dalilin da ba za ka iya kiran sa wauta ba. Shi ya sa takardar umarni daga minista ba ta iya warware matsalar. Sai an bi sarƙar gaɓa-gaɓa.

Daga manhaja zuwa takardar jarrabawa

Tarihi bai faɗi rana ɗaya ba. Tun bayan babban taron manhaja na 1969 da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, aka fara narkar da shi tare da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa a cikin darasi guda, wanda yara ke kira Soshiyal. Tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980 ya ƙara tabbatar da hakan. Da hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu, mai hedikwata a Sheda kusa da Abuja, ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007, sai tarihi ya rasa gurbinsa a firamare da ƙaramar sakandare, kuma daga zangon 2009/2010 abin ya kankama. Dalilan da aka bayar uku ne: ɗalibai na gudun darasin, waɗanda suka karanta shi ba sa samun aiki, malamai kuma sun yi ƙaranci. A babbar sakandare ba a cire shi ba, an bar shi cikin darussan zaɓi, inda mafi yawan ɗaliban sashen adabi ke ɗaukar darasin Gwamnati a maimakonsa, don ya fi sauƙin ci kuma yana buɗe ƙofar karatun lauya da kimiyyar siyasa. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya ta yi shekaru tana ƙorafi. A zamanin minista Adamu Adamu aka sanar da dawo da darasin, a Nuwamba 2022 kuma aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. Duk wanda ya san yawan makarantun firamare a ƙaramar hukuma ɗaya tak, kamar Jos ta Arewa, ya san inda malamai ɗari za su tsaya a jiha guda.

To ko an dawo da darasin, sai a haɗu da agogo. A ce darasi biyu ne a mako, kowanne minti 40, zango kuma mako 13. Cire makon farko da ake share aji da jiran ɗalibai, cire makon bita da na jarrabawa, saura mako 10. Darasi 20 ke nan, ƙasa da awa 14 a zango, in ba a yi yajin aiki ko dokar hana fita ba. Tsarin koyarwa kuma yana bin shekaru ne a jere: Nok, Daura da Bayajida, Kanem-Barno, jihadi, zuwan Turawa, haɗewar 1914, neman 'yanci. Abin da ya faru daga 1966 zuwa yau yana can ƙarshen jeri, a zangon da aka fi yankewa. Ɗan ajin ƙarshe a sakandare ma ba ya da zango na uku na kirki, domin jarrabawar WAEC ta riga ta cinye shi, NECO na biye. Saboda haka yaƙin da aka yi wata 30 ana gwabzawa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, in ya yi sa'a ya samu mako guda. Babu wanda ya hana shi. Lokaci ne ya ƙare kafin a iso gare shi, kuma kowace shekara a nan yake ƙarewa.

Jarrabawa ita ke da wuƙa da nama. Abin da ba a tambaya, ba a koyarwa. Abin da ake tambaya kuma da siffar da ake tambayarsa ake koyar da shi. "Kawo dalilai biyar da suka haddasa yaƙin basasa" tambaya ce da ake ci da haddar jeri: juyin mulkin Janairu, Doka ta 34 da Ironsi ya soke tsarin tarayya da ita a Mayu 1966, juyin mulkin Yuli, rushewar yarjejeniyar Aburi, ƙirƙiro jihohi 12. Yaro zai samu maki cikakke ba tare da ya taɓa jin kisan Inyamurai da aka yi a Sabon Garin Kano da Jos a watan Satumba da Oktoba 1966 ba, ko abin da sojojin tarayya suka yi wa maza a Asaba a Oktoba 1967, ko yadda yunwa ta kashe yara a yankin da aka killace. Ga shi kuma a sashen rubutun zube akwai zaɓi, malami mai wayo sai ya ce wa yaransa su bar wannan ɓangare, su riƙe daulolin da.

Sai mai buga littafi. Shi ɗan kasuwa ne, burinsa littafi ɗaya ya shiga jerin littattafan da ma'aikatun ilimi suka amince da su a Inugu da Sakkwato da Jos lokaci guda. Jimla ɗaya da za ta ɓata wa kwamiti rai a jiha ɗaya na iya jawo masa asarar kasuwar jihar gaba ɗaya. Maganin da aka samo shi ne nahawu. A duba yadda ake rubuta irin waɗannan shafuka, da Ingilishi ko da Hausa: "rikici ya ɓarke", "an samu asarar rayuka da dukiyoyi", "wasu ɓata-gari", "daga bisani ƙura ta lafa". Rikici ya ɓarke kamar ruwan sama, babu wanda ya ɗauki adda, babu wanda ya ba da umarni, babu wanda ya ƙi turo 'yan sanda a kan lokaci. Wannan "an" ɗin, da ba ta da fuska ba ta da suna, ita ce babbar ma'aikaciyar shiru a ƙasar nan.

Malamin aji shi ne gaɓar ƙarshe, kuma shi ya fi kowa hujja. Yawancin masu koyar da tarihi a ƙananan azuzuwa Soshiyal suka karanta ko wani fanni dabam. In malami ya kauce daga littafi ya faɗi abin da ya sani, gobe wani uba zai zo ofishin shugaban makaranta, a makarantar kuɗi kuwa mai makaranta ba zai yi asarar ɗalibai saboda malami ɗaya ba. A gari irin Jos da ya ga rikicin Satumba 2001 da Nuwamba 2008 da Janairu 2010, ajin da ke haɗe da 'ya'yan ɓangarori biyu yana iya ƙunsar maraya daga kowane ɓangare. Malamin da ya ce a bar kaza cikin gashinta ba lalle matsoraci ba ne. Ba a ba shi horo ba, ba a ba shi takardar da zai dogara da ita ba, kuma ya san in ta ɓaci shi kaɗai za a bari.

Rahotannin da ke cikin durowa

Maganar takardar dogaro ita ce gindin matsalar. Marubucin littafin makaranta ba ya ƙirƙiro gaskiya, yana ɗauko ta ne daga abin da hukuma ta tabbatar ko masana suka tantance. To a nan ƙasar, hanyar da aka saba bi bayan kowace fitina ita ce: a kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali, a saurari shaidu, a miƙa rahoto gaban kyamara, a ce za a fitar da farar takarda, wato matsayar gwamnati kan shawarwarin, daga nan sai shiru. Jos kaɗai ta ga kwamitin Mai shari'a Fiberesima kan rikicin Afrilu 1994, na Mai shari'a Niki Tobi kan na 2001, na Bola Ajibola da gwamnatin jiha ta kafa kan na 2008, na Janar Abisoye da gwamnatin tarayya ta kafa kan rikicin dai, da kwamitin Solomon Lar na 2010. Wasu rahotannin sun shafe shekaru kafin jama'a su gan su, wasu kuma ɓangare ɗaya ya ƙaurace wa zamansu tun farko saboda rashin yarda da wanda ya kafa su. Sakamakon shi ne kowa na da rahoton da yake ja da shi da wanda yake ƙaryatawa, babu guda da malami zai ɗaga a aji ya ce wannan kowa ya yarda.

A matakin ƙasa, kwamitin Oputa ne babban misali. Obasanjo ya kafa shi a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam tun daga Janairu 1966. Ya karɓi koke kimanin 10,000, an nuna zamansa a talabijin, mutane suka riƙa barin aiki suna kallo. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana gabansa ba. Ya miƙa rahoto a Mayu 2002. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya raunana hurumin gwamnatin tarayya na kafa irin wannan kwamiti, gwamnati ta fake da hukuncin ta ƙi buga rahoton. Ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a intanet a 2005. Yana nan, kowa na iya karantawa, amma da yake ba shi da hatimin hukuma, ba ya shiga manhaja.

Doka a rubuce ba ta hana bincike ba. Dokar adana takardun tarihi ta 1992 ta buɗe takardun gwamnati da suka kai shekara 25, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ofishi kwana bakwai ya amsa buƙata. Inda ake tuntuɓe shi ne, fayilolin zamanin Turawa da ke Kaduna da Ibadan da Inugu sun fi na bayan 1966 tsari nesa ba kusa ba, domin ma'aikatu da yawa ba su riƙa miƙa tsofaffin fayilolinsu ba. Ya fi sauƙi mai bincike ya gano abin da Razdan ya rubuta a 1926 fiye da abin da kwamishina ya rubuta a 1986. Gurbin da aka bari, littattafan tarihin rayuwar janar-janar ne suka cike shi, kowa na wanke kansa, da Ingilishi, da tsada. Sai a Fabrairu 2025, wajen ƙaddamar da littafinsa a Abuja, Babangida ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993, bayan shekara fiye da talatin.

Rediyo, talabijin da fim

Ɗan jaridan Nijeriya ya gaji tsoro da dalili: Doka ta 4 ta 1984 da ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku, bam ɗin da ya kashe Dele Giwa a 1986, rufe mujallar Newswatch na wata shida a 1987. Yau salon ya canja, ya koma lasisi da tara. A 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, ta kuma ci tarar Channels da AIT da Arise miliyan uku-uku kan yadda suka ba da labarin zanga-zangar EndSARS. A Agusta 2022 ta ci tarar Trust TV miliyan 5 saboda shirin bincike kan 'yan bindiga. A Mayu 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, amma manajan da ya taɓa ganin takardar gargaɗi ba ya jiran lauya kafin ya soke shiri. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati kuwa, gwamna ko shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninsu. Masu zaman kansu da talla suke rayuwa, babu kuma kamfanin sadarwa ko banki da zai so a ji sunansa tsakanin shaidar wanda aka kashe wa iyali a Zakibiyam da ta wanda aka ƙone wa gari a Odi, garuruwa biyu da sojoji suka kai wa farmaki.

Akwai kuma matsalar kayan aiki da ba a cika kula da ita ba. Shirin tarihi na buƙatar tsohuwar murya da tsohon hoto. Gidaje da yawa sun riƙa maimaita ɗauka a kan tsofaffin kaset don tsimi, waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙura da rashin injin kunna su sun gama da su. Shirin kiran waya kan siyasar yau ba ya cin komai sai man janareta, shirin tarihi na minti 30 kuwa na iya cin watanni na tafiye-tafiye da tantancewa. Abin da ya rage shi ne tarihin biki: kowace 15 ga Janairu a nuna shugabanni na ajiye furanni a Abuja ana sakin tantabaru, kowace 1 ga Oktoba a maimaito hoton saukar da tutar Ingila.

Fim ya fi kowa shan wuya. A Afrilu 2014 hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta dakatar da fitowar fim ɗin Half of a Yellow Sun, wanda ya taɓo kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, sai a Agusta aka haska shi bayan an yi masa gyare-gyare. Fim ɗin da aka gina kan juyin mulkin 1976, wanda ya fito a 2016, sai da sojoji suka duba rubutunsa kafin a fara ɗauka. Furodusan fim ɗin Hausa a Jos ko Kano da ke kallon wannan zai yi lissafinsa: kayan sawa na zamanin, tsofaffin motoci, izinin amfani da kakin soja da bindiga, hukumar tacewa ta ƙasa, ta jihar Kano, sannan fushin masarauta ko malamai ko wata ƙabila. Soyayya da rikicin kishiyoyi ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin takaici, Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantar koyon fim da ma'adanar tsofaffin fina-finai duk a Jos suke.

Namu ɓangaren

Laifi tudu ne. Mai karatun Hausa zai yi saurin yarda cewa littattafai ba su ba kisan Sardauna da Tafawa Balewa da Maimalari haƙƙinsa ba, ko kisan kiyashin Satiru na 1906, ko faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Amma akwai shafukan da mu ma muke saurin buɗewa mu wuce. Araba ta 1966, inda ƙiyasin Inyamuran da aka kashe a garuruwan Arewa ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, ba a cika jin ta a shirin rediyon Hausa ba, in ma an ambata sai a ce ramuwa ce a rufe zancen. Bauta ita ce ta fi kowanne nauyi a baki. Masana sun ƙiyasta bayi a daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi, kuma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewa. Kalmomin suna nan cikin harshenmu, rinji, murgu, bacucane, ƙwarƙwara, fansa, amma ana koyar da ƙarni na 19 kamar babu su. Mutanen kan dutse a Filato da kudancin Kaduna kuwa ba su manta da hare-haren da aka riƙa kai musu daga Bauchi da Zazzau ba, kuma wannan tunanin na nan a ƙarƙashin siyasar yau ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Akwai ma wahalar da aka sha tare amma ba a koyar da ita: aikin tilas a ma'adinan kuza daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta kame Malaya, lokacin da aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe da dama. Kududdufan da suka rage a Bukur da Barikin Ladi shaida ne.

Masu goyon bayan shiru suna da magana. Sun ce faman miki ba magani ba ne, kuma "babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi" da Gowon ya furta a 1970 ta hana ramuwar gayya. Ruwanda ma ta dakatar da koyar da tarihinta na tsawon shekaru bayan 1994, littattafan makarantun Lebanon kuma kusan a samun 'yancin 1943 suke tsayawa. Inda hujjar ta karye shi ne, tana ɗauka cewa in makaranta ta yi shiru yaro zai tashi bai ji komai ba. Yana ji. Yana ji a tsakar gida, a majalisa, a wajen wa'azi, yanzu kuma a WhatsApp da TikTok, kuma kowane ɓangare gawarwakinsa kaɗai yake ƙirgawa. Yaron Unguwar Rogo ya san kisan Musulmi a Kuru Karama a Janairu 2010, bai san kisan Kiristoci a Dogo Nahawa a Maris 2010 ba. Yaron Unguwar Rukuba ya san Dogo Nahawa, bai san Kuru Karama ba. A Yelwan Shandam wani ya san kisan Kiristoci a coci a Fabrairu 2004, wani ya san kisan ɗaruruwan Musulmi a Mayu, wani kuma bai taɓa jin ramuwar da ta biyo baya a Kano ba. Da yake unguwanni sun rabu, makarantu ma sun bi sahu, ajin da zai haɗa rabin labarin nan da wancan rabin ƙara ƙaranci yake yi.

Yadda ake koyar da shi ba tare da an tayar da ƙura ba

Akwai hanyar da aka gwada a wasu wurare. Jamusawa tun 1976 suka tsayar wa malamansu ƙa'ida: kada malami ya cusa wa ɗalibi ra'ayinsa, kuma abin da ake jayayya a kansa a waje a gabatar da shi a aji a matsayin abin jayayya. A aikace, matakin farko shi ne jadawalin kwanaki wanda bai tsallake mamacin kowa ba, a rubuta shi a allo kafin a fara kowace muhawara: a batun yaƙin basasa misali, 15 ga Janairu, 24 ga Mayu, 29 ga Yuli, Satumba da Oktoba na 1966, Aburi, sai 27 da 30 ga Mayu 1967, ranar ƙirƙiro jihohi 12 da ranar ɓallewar Biyafara. Daga nan a raba allon gida uku: abin da ya tabbata, abin da masana suka saɓa a kai, da abin da ji-ta-ji-ta ce. A batun Jos misali, ya tabbata cewa an kafa lardin Filato a 1926, an naɗa Rwang Pam sarkin Birom a 1947, an ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kuma akwai Hausawan da suka riƙe sarauta a garin a farkon zamanin Turawa. Abin da ake jayayya a kai shi ne ma'anar waccan sarautar, ta gari ce ko ta al'ummar Hausawan gari. Yaron da ya iya bambance gida na farko da na biyu ya riga ya fi yawancin masu faɗa a Facebook.

Alƙaluma a ba da su tsakanin kaza da kaza, tare da faɗin wanda ya ƙirga. Mamatan yaƙin basasa ana ƙiyasta su daga 500,000 zuwa miliyan 3, kuma tazarar kanta darasi ce, domin tana nuna babu ƙidayar da aka yi wadda kowa ya amince da ita. A kawo takardun asali guda biyu kan rana ɗaya, a ce jaridar Kaduna da ta Inugu, ɗalibai su gano abin da kowacce ta faɗa da abin da ta ɓoye. A sanar da iyaye ta taron iyaye da malamai kafin a fara, kada su fara ji daga bakin yaro. A guji makon zaɓe da makonnin da ke biye da wani sabon hari.

Kurakuran da ke ɓata aikin sanannu ne. Mafi muni shi ne a juya ga yaro ɗaya a ce "kai da kake Inyamuri" ko "ke da kike Bafulatana, me za ki ce", an mayar da ɗan shekara 14 wakilin ƙabila. Na biyu, wasan kwaikwayon da ake raba aji gida biyu a ce waɗannan su ne maharan, domin ana tashi daga darasi sunan zai bi su filin wasa. Na uku, hotunan gawa, da ke toshe tunani su bar tsoro da fushi. Na huɗu, tambayar "wa ke da laifi" tun a darasin farko, alhali tambayar da ke buɗe kai ita ce wa ya yanke wace shawara, me ya sani a lokacin, wace hanya kuma ya bari. A saka har da waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu, irin Imam Abubakar Abdullahi da ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a yankin Barikin Ladi a Yuni 2018, don yaro ya ga cewa a rana ɗaya, a gari ɗaya, mutane sun zaɓi abubuwa dabam-dabam.

Gidan rediyo kuma kada ya fara da kiran waya kai tsaye. A naɗi shirin tukuna, a tantance kowane suna da kwanan wata daga majiya biyu da ba su dogara da juna ba, lauya ya saurara kafin a watsa, a kuma haɗa shaidun ɓangarorin cikin shiri ɗaya maimakon wannan mako naku mako mai zuwa nasu, don mai sauraro ɗaya yake kamawa ya bar ɗayan. Aikin da ba ya jira shi ne ɗaukar muryoyin tsofaffi. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75, waɗanda suka ga ɗiban gwamna kuwa saura ƙalilan. Wayar hannu ta isa: a nemi izinin mai magana a naɗi izinin a farkon faifan, a faɗi rana da wuri, a bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa da shi, a tambaye shi abin da ya gani da idonsa dabam da abin da aka ba shi labari, sannan a ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a sashen tarihi na jami'a mafi kusa ko Gidan Arewa da ke Kaduna.